Yadda Ake Shirya Mako Guda a Jirgin Masu Nutso a Tsibiran Maldibs Don Ganin Shak da Manta

Tun da na dawo daga Maldibs na sa hoton da aka ɗauke ni a ƙarƙashin teku, kifin manta, wani ƙaton kifi shimfiɗaɗɗe mai fikafikai, yana shawagi a saman kaina, tambayoyi suka yi ta shigowa. Wasu na son sanin nawa na kashe, wasu na tambaya ko shak, babban kifin nan mai kaifin haƙora, ba ya cizo, wani kuma ya ce shi ko iyo bai iya ba amma ransa ya biya. Amsa ɗai-ɗai ta gagare ni, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda suke bin juna. Irin tafiyar da nake nufi ita ce wadda ake kwana bakwai a cikin jirgin ruwa, a ci a sha a kwana a cikinsa, yana bi da ku tsibiri zuwa tsibiri, kuna nutso sau uku a rana. Na ɗauki Maldibs ne saboda nan na sani, ƙasar Musulmi ce a Tekun Indiya, kuma ana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi.

1. Fara da likita

Kafin ka biya ko sisi, je ka ga likita. Duk makarantar nutso za ta ba ka takardar tambayoyin lafiya, kuma ba a yi mata ƙarya. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ciwon huhu, fashewar dodon kunne, kowanne yana buƙatar sa hannun likita, wasu ma sukan hana nutson gaba ɗaya. Mace mai juna biyu ba ta nutso.

Abin da ya fi shafar mu shi ne sikila. Mai ciwon sikila kada ya soma, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahalar da nutso ke jawowa duk suna iya tayar masa da ciwon a inda asibiti ke nesa. Wanda jininsa AS ne ya faɗa wa likita gaskiya, ya bar shi ya yanke hukunci.

2. Koyi iyo, sannan ka sami shaidar nutso

Jirgin kwana ba makaranta ba ne. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada: mutum ya biya kuɗin mako guda da nutso biyar kacal a tarihinsa, sai ya je ya tarar ana shiga ruwa mai ƙarfin ja, a bar shi zaune a jirgi yana kallon teku, ko kuma ya nace ya shiga ya tsorata.

Kafin a ba ka shaidar farko dole ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Idan ba ka iya ba, nemi wurin wanka na otal ko na filin wasa a garinku, ka sami mai koyarwa, ka ba abin wata biyu ko uku. Ba abin kunya ba ne ga babba.

Daga nan sai kwas. Ƙungiyoyin da aka fi sani su ne PADI da SSI da CMAS, kuma ana karɓar shaidar kowacce. Matakin farko yana cin kwana uku zuwa huɗu, yana ba ka izinin sauka mita 18. Mataki na biyu kwana biyu ne, yana kai ka mita 30, wanda shi ne iyakar da dokar Maldibs ta yarda wa masu nutson shaƙatawa. Kana buƙatar duka biyun, domin wuraren da shak ke taruwa galibi suna tsakanin mita 20 da 30. Ka ƙara da ɗan gajeren kwas na naitiroks, wato iskar da aka ƙara mata oksijin zuwa wajen kashi 32 cikin ɗari, wadda ke ba ka damar daɗewa a ƙasa. Ana koyon waɗannan a Dahab ko Hurghada a Masar, ko a Zanzibar, ko a tsibiran Maldibs ɗin da mutanen gari ke zaune kamar Maafushi da Rasdhoo da Dhigurah, inda akwai masauki mai sauƙin kuɗi.

Bayan shaida sai tara nutso. Kowane jirgi da nasa sharaɗin, amma shawarata kada ka hau sai kana da aƙalla 30 a rubuce a littafin da kake rubuta nutsonka. Hanyoyin can kudu, wajen Fuvahmulah inda ake ganin shak mai zane irin na damisa, sukan nemi 50 ko 100, kuma ba na mai zuwan farko ba ne.

3. Zaɓi wata, domin iska ce ke raba kifin

Maldibs tsibirai ne kusan 1,190 da suka taru rukuni-rukuni guda 26, kowane rukuni kamar zobe. Lokutan shekara biyu ne. Daga Disamba zuwa Afrilu iska na busowa daga arewa maso gabas, teku na kwanciya, ruwa garau. Daga Mayu zuwa Nuwamba tana juyawa ta taso daga kudu maso yamma, da ruwan sama da igiyar ruwa, amma kuɗin jirgi yakan sauka.

Manta na bin abincinta ne, ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa, su kuma iska ke tura su. Don haka daga Disamba zuwa Afrilu a gefen yamma na rukunan ake samunta, kamar wajen Rangali a kudancin rukunin Ari. Daga Mayu zuwa Nuwamba sai ta koma gefen gabas, kamar Lankan kusa da Male, babban birnin ƙasar, da Hanifaru a rukunin Baa, inda wani lokaci gommai ke taruwa suna kiwo tare. A Hanifaru an hana shiga da tukunyar iska, iyo a sama kawai ake yi da bututun shaƙa. Babban shak ɗin nan mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya kuma ba ya cin komai sai ƙananan halittu, ana ganinsa kusan duk shekara a kudancin Ari, wajen Maamigili da Dhigurah.

Ga mai zuwan farko na fi son hanyar tsakiya: Male, Vaavu, Ari, Rasdhoo, a dawo. Gargaɗi biyu a nan. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, tsakiyar lokacin da ya fi kyau. Kada ka haɗa azumi da nutso uku a rana, domin bushewar jiki na ƙara haɗarin ciwon da zan yi bayani a gaba. Na biyu, watannin Disamba zuwa Fabrairu su ne na hunturu a wajenmu, mutum yakan tashi daga gida da mura. Mai mura kunnensa ba ya buɗewa a ƙasan ruwa, don haka ka kiyaye ƙura da sanyi mako biyu kafin tafiya.

4. Zaɓin jirgi da lissafin kuɗi

Mako guda a jirgi matsakaici yakan kama daga wajen dala 1,500 zuwa 3,000 ga mutum ɗaya a ɗakin mutum biyu, da abinci sau uku da nutso 17 ko 18. Amma kuɗin da ka gani a shafin intanet ba shi ne ƙarshe ba. Rubuta musu ka tambaya dalla-dalla:

- Harajin muhalli, dala 12 a kowace rana tun daga Janairun 2025, yana ciki ko daban?
- Naitiroks kyauta ne ko na kuɗi?
- Nawa ne hayar kaya na mako? Yakan kai dala 200 zuwa 300.
- Mutum nawa ke bin jagora ɗaya? Huɗu zuwa shida ya yi. Idan sun haura takwas, sake tunani.
- Akwai oksijin na gaggawa a babban jirgi da ƙaramin da ake shiga ruwa daga kansa? Akwai mai gadi da ke zagayawa cikin dare? Ƙofar gudu nawa ce daga ɗakunan ƙasa?

Tambayar ƙarshen nan kada ka ji nauyinta. A watan Satumban 2019 wani jirgin masu nutso ya kama da wuta cikin dare a gaɓar Kaliforniya, mutum 34 da ke kwana a ɗakin ƙasa suka rasu, kuma bincike ya gano babu wanda ke gadi a farke. Jirgin da ya yi maka hanya-hanya wajen amsa wannan, bar shi.

Ware kuma kuɗin kyautar ma'aikata a ƙarshen mako, wajen dala 100 zuwa 150, da tikitin jirgin sama, da inshorar nutso. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar haɗarin nutso, sai ka nemi wadda aka yi don haka, irin ta ƙungiyar DAN. Jinya a ɗakin matsin iska, inda ake yi wa mai ciwon nutso magani, kamar na tsibirin Bandos ko Kuramathi, tana cin dubban daloli, ban da kuɗin kai ka can. Idan ke mace ce kuma ke kaɗai za ki je, ki nemi tun wajen biya a haɗa ki ɗaki da mace, a rubuto miki tabbaci.

5. Takardu da hanya

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, tikitin dawowa, takardar shaidar biyan jirgi, da katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa, domin ana nemansa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Akwai fom na shiga ƙasa mai suna IMUGA da ake cikewa a intanet cikin awa 96 kafin isowa, kuma kyauta ne, kada wani shafi ya karɓi kuɗinka. Ana bi ta Doha ko Dubai, daga can awa huɗu zuwa biyar ne zuwa filin jirgin Velana kusa da Male. Agogonsu ya riga na Najeriya da Nijar da awa huɗu.

Ka isa kwana guda kafin ranar tashi, ka kwana a Hulhumale, tsibirin da ke daf da filin jirgi. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara, kuma idan jakarka ta ɓace a hanya kana da rana guda ta bibiya. Riƙe dala tsaba, sababbi marasa yagewa, domin katin banki yakan ƙi aiki a tsakiyar teku.

6. Kayan da za ka saya da waɗanda za ka ara

Tukunyar iska da dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu jirgi ke bayarwa. Na'urar shaƙa, falmaran ɗin da ake hura wa iska, da rigar roba duk ana haya. Ruwan Maldibs ɗumi ne, maki 27 zuwa 30, riga mai kaurin milimita 3 ta isa, kuma tana rufe jiki tun daga wuya har idon sawu. Mata na ƙarawa da hular iyo mai rufe kai da wuya.

Abu huɗu ya kamata su zama naka. Tabaran ruwa, wanda ka gwada a fuskarka: ɗora shi ba tare da maɗauri ba, ja iska ta hanci, idan ya manne to naka ne. Agogon nutso, mai nuna zurfi da sauran lokacinka, kuma ka san karatunsa tun a gida. Dogon balan-balan ja mai zare, wanda ake harbawa sama don jirgi ya hango inda kake. Sai ƙugiya mai igiya ta riƙe dutse. Ƙara da fitila don nutson dare, maganin jiri da amai, maganin ɗigawa a kunne, da hular rana. Soket ɗinsu galibi mai ƙafa uku ne irin namu. Batura a jakar hannu ake sa su, kuma ba a barin su a caji a ɗaki cikin dare.

Ga masu gashin baki: ruwa zai riƙa shiga tabaranka ta ƙarƙashin hanci. Ni nutsona biyu na farko sun tafi ne wajen fitar da ruwa. Rage gashin da ke daf da hanci kaɗan, ko ka shafa man silikon, matsalar ta ƙare.

7. Ranar farko a jirgi

Za a karɓi takalmanka a ƙofa, sai ranar sauka. Za a duba katinka da littafinka da inshora, a nuna maka rigunan ceto da ƙofofin gudu. Tashi ka bi hanyar da ƙafarka, kada ka tsaya ga saurare. A Maldibs babban jirgi na tafiya da wani ƙarami da suke kira doni, a kansa kayan nutso da injin cika tukwane suke, kuma daga kansa ake shiga ruwa.

Nutson farko gwaji ne a wuri mara zurfi. Nan za ka daidaita nauyin dalma ka tabbatar kayan haya ba sa yoyo. Idan wani abu bai yi maka ba, faɗa a ranar. Idan da naitiroks kake, kai da kanka za ka auna kowace tukunya, ka rubuta adadin, ka saita agogonka.

Salla ba ta da wuya. Yawancin ma'aikatan Musulmi ne, matuƙi zai nuna maka alƙibla, tana wajen arewa maso yamma, sai dai jirgi na juyawa a kan anga, don haka ka sake dubawa kowane lokaci. Abinci kifi ne da shinkafa da kaza da kayan lambu, da safe kuma akwai mas huni, kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da gurasa. Jiragen na da izinin sayar da giya ga baƙi, kuma idan ka ce ba ka sha ba wanda zai sake yi maka tayi.

8. Yadda ake shiga mashigar ruwa don ganin shak

Ana tayar da ku wajen ƙarfe shida, a yi bayani a kan allo. Kasa kunne ga kalmomi biyu: kandu, wato mashigar da ruwan teku ke kwarara cikin zoben tsibirai, da tila, tsaunin murjani da ke ƙarƙashin ruwa. Jagora zai fara shiga ya duba inda ruwa ya nufa. Idan yana shigowa ciki ne, nan ne shak ke jeruwa.

Kafin tsalle ku duba juna kai da abokin nutsonka: an buɗe tukunya, ma'aunin iskar tukunya na nuna 200, wato a cike take, falmaran na ɗaukar iska, dalma na ɗaure. Inda ruwa ke da ƙarfi ana shiga ne falmaran babu iska, a sauka nan take, domin wanda ya tsaya gyare-gyare a sama ruwa zai wuce da shi. Amma kunne ba a yi masa dole. Tun daga mita na farko ka toshe hanci da yatsu biyu ka hura a hankali, ka yi ta maimaitawa. Idan ya yi zafi, hau sama kaɗan ka sake. Idan ya ƙi, yi wa abokinka alama ku fito tare. Na taɓa dannewa na sauka da zafin, ya jawo mini kwana biyu a zaune, nutso shida suka wuce ni.

Da kun isa bakin mashigar, nemi mataccen dutse ka maƙala ƙugiya, ba a kan murjani mai rai ba, ka sa iska kaɗan a falmaran, ka saki hannu. Za ka tashi kamar tuta, ruwa na kaɗa maka kumatu. A Vaavu haka muka rataye, sai ga shak masu ruwan toka sun fito daga cikin shuɗin, ɗaya, uku, har na daina ƙirgawa, suna tsaye a cikin ruwan da ni nake fama da shi, wutsiya kawai suke motsawa kaɗan. Ɗaya ya zo kusa har na ga tsagogin nan biyar na gefen wuyansa suna buɗewa, ya juyo da idonsa ya dube ni, ya wuce. Ba su ɗauke ka abinci ba, ƙarar kumfar bakinka ma korarsu take yi. Kada ka miƙa hannu, kada ka bi su, kada ka riƙe kifi ko wani abinci. Wanda ya fi su saurin cizo wani ƙaton kifi ne mai manyan haƙora da ke gadin ƙwansa a ƙasa. Jagora zai nuna maka hotonsa, idan ka gan shi ka kauce ta gefe, ba ta sama ba.

A mita 30 kana shan iska ninki huɗu na abin da kake sha a sama, don haka duba ma'auni a kai a kai. Faɗa wa jagora idan ka kai 100, kuma a 50 ya kamata a ce kana kan hanyar fita. Kafin ka cire ƙugiya ka fitar da iskar da ka sa a falmaran, in ba haka ba za ka yi sama kamar an harba ka.

9. Yadda ake zama a wurin manta

Manta na zuwa wasu duwatsu ne inda ƙananan kifaye ke tsince mata ƙwari a jiki da baki, kamar yadda tsuntsu ke yi wa saniya. Aikinka a nan shi ne ka sauka ƙasa a gefen dutsen, ka kwanta kusa da yashi, ka yi tsit. Kada ka hau kan dutsen, kada ka tare mata hanya, ka bar aƙalla mita 3 tsakaninku. Mutum ɗaya da ya ruga da kyamara ya isa ya kore ta ga kowa.

Idan aka yi haƙuri ita ke zuwa. Wadda ta zo kaina faɗinta ya haura mita 3. Haske ya ragu, na ɗaga ido na ga farin cikinta da baƙaƙen ɗigo, kifaye biyu manne da ita, fikafikan na tafiya a hankali kamar ana kaɗa babbar riga. Ta zagayo sau huɗu. Ba ta da ƙayar wutsiya mai dafi, ba ta cizo. Ɗigon cikin nan kowacce da nata kamar zanen yatsa, kuma ƙungiyar Manta Trust na karɓar hotunan ciki daga masu nutso don gane su ɗaya bayan ɗaya. Taɓa ta yana goge majinar da ke kare fatarta, don haka hannu a naɗe.

Babban shak mai ɗigo kuwa yawanci daga saman doni ake hango shi, a shiga da bututu kawai. Mita 3 daga jikinsa, 4 daga wutsiya, ba walƙiyar kyamara.

10. Hawa sama, da abin da ke biyo baya

Dokar da ba a karyawa: kada ka taɓa riƙe numfashi, musamman wajen hawa, domin iskar da ke huhunka na kumbura yayin da kake tasowa. Hau a hankali, kada ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5, a harba balan-balan, sannan a fito ana duban sama saboda jirage.

Dalilin wannan jinkiri shi ne naitirojin da ke narkewa cikin jini a zurfi. Idan aka fito da sauri sai ya yi kumfa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Alamunsa ciwon gaɓoɓi, ƙaiƙayi da ja a fata, sagewar hannu ko ƙafa, jiri, da kasala mai tsanani, kuma suna iya zuwa bayan awoyi. Wanda ya ji ɗaya daga ciki ya faɗa nan take a sa masa oksijin. Mu mun saba da cewa "zai wuce", amma wannan ba ya cikin waɗanda ake yi wa haka. Sha ruwa da yawa, huta tsakanin nutso, kuma idan jiki ya gaji ka tsallake ɗaya, ba wanda zai ce don me.

11. Ranar ƙarshe

Bayan nutson kwanaki a jere, ƙa'ida ita ce aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, yawancin jiragen ruwan kuma awa 24 suke sawa. Don haka nutson ƙarshe yakan kasance da safiyar ranar da ta gabaci sauka, kuma kada ka sayi tikitin da zai tashi a daren. Wanke kayanka da ruwan daɗi ka shanya a inuwa, ka kai littafinka jagora ya sa hannu ya buga hatimi a kowane nutso, ka biya bashin kanti da na haya, ka sa kyautar ma'aikata a ambulan. Idan jirginka na dare ne, akwai wurin ajiye jaka na kuɗi a filin jirgi. Gada ce ta haɗa shi da Male, inda za ka iya yin salla a tsohon masallacin Juma'a da aka gina da dutsen murjani a 1658, ka leƙa kasuwar kifi, ka koma filin jirgi awa uku kafin tashi.